Taransifomar da Gaisuwa Ta Kusa Ƙonawa

Ku da kuke zuwa shagona a Bodinga da waya a hannu, kuna nuna mini bidiyon wani ƙato yana haɗa sola cikin minti bakwai, ku matso ku zauna. A ganinku aikin nan haɗa waya ne ja da ja, baƙi da baƙi, a ɗaure noti, a wanke hannu, a hau babur. Ni ma haka na ɗauka, kuma a lokacin har na fara furfura, saboda haka ba ku fi ni wauta ba, ƙuruciya kawai kuka fi ni. Sunana Garba, haifaffen Sifawa. Amma in kuka nemi Garba mai wuta tsakanin Bodinga da Shagari, mutum huɗu za a nuna muku. Ku ce Ƙona-Gari, ko akuya sai ta kawo ku ƙofata. Yadda na samo sunan nan zan ba ku labari, domin karatun sana'ar duk yana cikinsa.

Aikin farko da aka ɗora mini a duniya shi ne babbake ƙonannen kwayil. A Sakkwato na yi koyo, wurin Malam Ummaru mai naɗin kwayil, wani siririn tsoho da bai san ana yi wa ɗan koyo bayani ba. In ka yi daidai ya yi shiru, in ka yi kuskure ka ga filaya ta wuce ta gefen kunnenka. Shekara biyu ban taɓa sabuwar waya ba. A kawo moton injin niƙa da ya ƙone, in fasa, in babbake, in zare tsohuwar wayar, in ƙirga naɗinta ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na ɓata ƙirga sai da na sake daga farko, ga hayaƙi a ido, ga yunwa.

Malam Ummaru yana da wata doguwar sukudireba mai ƙotar katako, wadda ba a kwance komai da ita. Ta sauraro ce. Ya ɗora bakinta a jikin moto yana cikin aiki, ya manna ƙotar a kunne, ya rufe ido. Can sai ya ce boris ɗin da moto ke juyawa a kai ne, ko kwayil ne, ko mai injin ne maƙaryaci. Ya kan ce mini, “Garba, mita abin da kaka son ji taka hwaɗi. Kunne shi ka hwaɗin gaskiya.” Ranar da ya yaye ni, ita ya ba ni, bai haɗa da ko Allah ya kiyaye hanya ba.

Ya kuma ba ni karatu biyu da na riƙe kamar addini. Na ɗaya, wayar nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ba ta ɗaukar kaya, ko siririya ka sa ta isa. Na biyu, in moto yana nishi, ƙara masa kwandansa, ɗan gwangwanin nan mai tara wuta. Ba ƙarya ya yi ba, Allah ya jiƙansa. A zamaninsa abin da ke shan wuta ƙwan fitila ne da dutsen guga da moto, masu sha a hankali. Bai rayu ya ga zamanin da kowane aljihu ke da caja ba.

Da sola ta shigo, mu tsofaffin masu wuta muka yi mata caa. Aikina na farko a wata makarantar allo ne a nan Bodinga. Malamin yana son ƙwan fitila shida da fanka ɗaya. Na haɗa, ya sa albarka. Bayan sati ya aiko wai batir ba ya kaiwa. Na je na tarar an jona firji, da dutsen gugar uwargida, da cajar rabin unguwa. Na ce, “Malam, ai fanka ɗaya munka yi da kai.” Ya dube ni ya ce, “To rana ƙarewa tay yi?” Mai saye dai haka yake, a ganinsa tunda rana kyauta ce, duk abin da ya biyo bayanta ma kyauta ne.

Babban aikin da ya ɗaga ni, ya kuma kayar da ni, a wani ƙauye ne bayan Dandin Mahe. Ba zan faɗi sunansa ba, don har gobe ina cin kasuwarsu. Manoman fadama da makiyayan garin suka haɗa ƙungiya, suka sami taimako, aka kawo musu farantan sola da suka cika fili guda. Ana son su tayar da famfon burtsatse mai ba shanu ruwa, yana kuma kai wa lambunan albasa. Ba batir a tsarin. Inbatar, wato na'urar da ke juya wutar sola ta zama irin ta gida, irin wadda ake jonawa da layin wutar gwamnati ce: in rana ta yi ƙarfi ta tura rarar wuta cikin layi, in ta yi sanyi a jawo daga layi. Sharaɗinta ɗaya, sai ta ji akwai wuta a layin take aiki. Garin kuwa yana cikin masu sa'a, ana ba su wuta da rana. Duk wannan a kan taransifoma guda, wadda ke zaune kan dakalin siminti a bakin kasuwa.

Na yi aikin, an yi addu'a, an ci shinkafa. Da aka ga wuta ta yi ƙarfi, sai gari ya buɗe baki. Sani mai casar shinkafa ya sayo sabon inji mai akwatin sarrafa gudu. Ɗanjuma mai walda ya yar da tsohon injinsa mai nauyin jaki, ya sayo ɗan ƙarami na zamani da ake ratayawa a kafaɗa. Shagunan caji suka tsiro, kowanne da caja kamar saƙar gizo. Shi kansa famfon burtsatsen akwatin sarrafa gudu ne da shi.

Bayan wata biyu aka fara kirana. Fanka tana kuka ba ta gudu. Lasifikar masallaci tana ƙugi, ladan na kiran salla kamar da ƙudan zuma a bakinsa. Moton Sani yana zafin da za ka soya ƙwai a kansa. Na buɗe wani akwati na tarar wayar nutural, wadda Malam Ummaru ya ce ba ta ɗaukar kaya, ta narke robarta. Na sa mita, ta ce wuta lafiya lau. Na sake sawa, ta sake cewa lafiya. Na ɗora sukudireba a jikin tankin taransifoma, a jikin tanki na ce, kada wani sakarai ya je ya taɓa waya, sai na ji abin da ban taɓa ji ba. Lafiyayyar taransifoma guɗa ɗaya take yi, mai kauri, a kwance. Wannan kuwa a saman guɗar akwai wani siririn kuka mai shiga haƙori.

Kunne ya gaya mini gaskiya, amma ban san maganinta ba, kuma girman kai bai bar ni na tambaya ba. Sai na koma ga karatun malamina. Abu yana nishi, a ƙara kwandansa. Na sayo manya guda shida, na jera su a akwati kusa da taransifoma, na yi musu fenti. Mutane suka taru suna cewa Garba ya iya aiki.

Kwana goma sha ɗaya suka yi. Ranar kasuwa, bayan azahar, kowane inji na aiki, taransifoma ta yi wata ƙara, mai ya yi tsartuwa, hayaƙi ya turnuƙe. Masu tallan fura suka zubar da ƙore, wani mai jaki bai tsaya ba sai a bakin fadama. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Amma wuta ta tafi, kuma da ta tafi inbata ta yi shiru, famfo ya tsaya. Ga farantan sola shimfiɗe suna shan rana, ba ɗigon ruwa ko na alwala.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Wata tara garin ba wuta. Albasar shekarar ta bushe a lambu tun ba ta yi kai ba. Makiyaya suka koma jan guga, wasu suka kaɗa shanunsu suka bar yankin. Ni kuwa labarina ya riga ni zuwa ko'ina. A tashar Shagari wani mai shayi ya hango ni ya ce a kashe risho ga Ƙona-Gari nan tafe, aka kwashe da dariya, sunan ya zauna. Ko ƙwan fitila ba mai kirana in sa masa. Na koma gyaran tocila da rediyo a bakin shago, ni da nake haɗa wutar gari guda. Na ji kunya, kuma na ji tsoro, don ban san abin da na yi ba balle in ce ba zan ƙara ba.

Da aka kawo sabuwar taransifoma, mai gari ya aiko a kira ni. Dattijo ne mai sanyin magana, irin wanda ba ya ɗaga murya sai dai kai ka rage taka. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa, na kwashi gaisuwa.

Ya ce, “Garba, mutane sun ce a cire solarka daga layi. Kahin ka zo muna da wuta. Kaz zo, mun rasa wuta, mun rasa ruwa. Mi kag gani?”

Na ce, “Ranka shi daɗe, in anka cire ta, hwamhwo ba shi tashi sai da mai, kuma kun san kuɗin mai. A ba ni dama guda. In wagga ta ƙone, na bar aikin wuta har in mutu.”

“Baki na kac ce. Baki kau kowa na da shi.”

Sai na zaro sukudirebar Malam Ummaru daga aljihu, na ajiye a gabansa. Na ce ita ce sana'ata, ya riƙe. In taransifoma ta ƙone, ya jefa ta a rijiya, ni kuma in koma Sifawa in kama fartanya. Ya juya ta a hannu, ya sa a aljihun rigarsa, ya ce ya ba ni zuwa faɗuwar ruwa. Na fito na san na yi kasada, don shekara talatin da wani abu ban iya komai ba sai wuta.

A nan ne na haɗiye girman kai na nemi taimako. Waɗanda suka kawo farantan suka turo injiniya. Na zaci zan ga ƙaton mutum mai tumbi, sai ga yarinya sa'ar 'yata ta sauko daga mota da jaka a kafaɗa, Injiniya Balkisu, 'yar Sakkwato. Ta gaishe ni da ladabi, ta buɗe akwatin da na yi wa fenti, ta daɗe tana kallon sababbin kwandansan da na sake jerawa.

“Baba, wa yas sa waɗanga?”

Na kalli sama kamar mai duban wata. Ta ce a cire su yanzu, kafin ta sha ruwa.

Ita ta fahimtar da ni abin da ake kira hamonik. Ta ce wutar kirki tashi take ta sauka a hankali, sau hamsin cikin daƙiƙa ɗaya, sumul. Amma kayan zamani, caja da injin walda da akwatin sarrafa gudu, har da ita inbatar, ba sa shan wuta a hankali, fizga suke, su saki, su fizga. Wannan fizgar tana haifar da wasu ƙananan igiyoyi masu sauri, ninki uku, ninki biyar, ninki bakwai, su hau kan ta asali. Ba sa juya inji, sai dai su dafa shi. Masu ninki uku kuwa a wayar nutural suke taruwa, shi ya sa ta narke. Na ce to me ya sa mitata ba ta gani ba? Ta ce mitata mudu ce: in shinkafa da tsakuwa, mudu zai ce ya cika, haƙori ne zai ba da labari. Su kuma kwandansan nawa, sun haɗa baki da kwayil ɗin taransifoma suna jefa wa juna wannan datti, yana ƙaruwa a kowane zagaye. Wato na ga wuta na kawo fetur.

Maganin, in ji ta, wani akwati ne da suke kira aktif filta. Ana sa masa zobba a wuyan manyan wayoyi yana sauraron wutar da ke wucewa. Duk inda ta karkace, nan take ya turo kishiyar karkatar daidai gwargwado, su kashe juna, abin da zai isa taransifoma ya zama sumul. Ni dai na sa masa suna mai raba faɗa. Sai dai ba a ɗinka riga ba a auna mutum ba. Dole ta auna yawan dattin da na'urarta, ta kai shaida, kafin a yarda a kawo akwatin, kuma a san girman da za a kawo. Na'urar ta aro ce, ba ta kwana a waje.

Ta maƙala wayoyinta. Allon na'urar ya nuna igiya kyakkyawa, sumul kamar an zana da hannu. Ta ce wataƙila cire kwandansan ya wadatar. Ta tafi. Washegari na koma da wata sukudireba, na saurara, kukan nan yana nan, ya dai ragu. Tankin kuwa ba ya taɓuwa don zafi. Na kira ta. Ta dawo bayan sati, ta auna, sumul. Ta fara yi mini irin kallon da ake yi wa tsohon da ya ce ya ga aljani. A karo na uku ta gaya mini gaskiya tun a mota.

“Baba, yau ta ƙarshe. In ban ga komi ba, rubutawa za ni yi lahiya lau, ba su kawo hilta. Ba ni iya kai musu kunnenka a takarda.”

Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas a kwanakin, ga taransifoma tana dahuwa a hankali. Na san in ta rubuta lafiya, ni da fartanya mun gamu.

Muka isa da hantsi. Kamar kullum, aka shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya kusa da taransifoma. Mai gari ya fito da kansa don girmama baƙuwa, dattawa suka zauna, aka kawo fura da nono. Ta maƙala wayoyi, allo ya nuna sumul. Ta juyo da shi wajena. Na tsuguna na rasa abin yi, sai na ji kurciya tana kuka a kan darbejiya.

Kurciya. A bakin kasuwar da in injin Sani na aiki ko mai kusa da kai sai ka yi masa ihu. Na ɗaga kai na dubi taron. Ga Sani nan a tsaye, ƙaiƙayi har gira. Ga Ɗanjuma, baƙin tabaransa na walda a goshi. Ga mai niƙa, ga masu shagon caji sun rufe sun zo kallo, ga mai kula da famfo yana riƙe da ƙwaryar fura. Kowa da ke ɓata wutar garin yana nan, hannu a baya, cikin ladabi.

Na ce, “Sani, wa ka tsaron injinka?”

“Kashe shi niy yi mana. Baƙuwa ta zo, mai gari ya hito, in bar inji na ta ruri?”

“Kai hwa, Ɗanjuma?”

“Haba Garba. Walda gaban mai gari? Ba a haihe ni haka ba.”

Na juya ga mai famfo, ya ce shi ma ya kashe kada ƙara ta hana manya jin juna. Sau uku yarinyar nan tana tahowa tun daga Sakkwato tana auna wutar garin da ba mai shan ta. Mun kawo likita, mun ɓoye mara lafiya a ɗaka don kada ya yi tari a gaban baƙo. Balkisu ta rufe baki da mayafi tana danne dariya.

Na ce kowa ya koma ya tayar da injinsa. Ba wanda ya motsa. Ni wa? Mutumin da ya ƙona musu gari zai sa su yi wa mai gari rashin kunya? Wani dattijo ma ya ce dama an ce ba ni da ta ido. Dole na rarrafa gaban mai gari, na yi masa bayani, na ce cutar ba ta fitowa sai ana aiki, kuma in ya tashi ya shiga gida za su bi shi rakiya, a sake rasa masu tayar da inji.

Ya dubi jama'arsa. Sannan ya gyara zama ya ce, “Sani, tahi ka tada injinka. Ɗanjuma, jawo ƙarhenka nan inda nika ganin ka. Yau ni nic ce a yi min rashin kunya. Wanda dut yar rage ƙara don ni, shi ab ba ya ganin girmana.”

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Injin casa ya ɗauka, na niƙa ya amsa, famfo ya tashi, Ɗanjuma yana walda taku goma daga rawanin mai gari, yana yi yana cewa a gafarce shi. Ƙaiƙayi ya sauka a cikin furar dattawa. A allon Balkisu kuwa igiyar nan mai kyau ta koma kamar haƙoran zarto. Taransifoma ta ɗauki siririn kukanta, har wanda ba shi da sukudireba yana ji. Ta yi ta danna na'ura tana adanawa, ta ɗaga murya ta ce, “Baba, kunnenka ya yi gaskiya!” Na ji daɗin maganar nan fiye da duk wani yabo da aka taɓa yi mini.

Kafin akwatin ya iso, muka raba wa masu inji lokaci don kada su haɗu gaba ɗaya, na kuma canja wayar nutural da mai kauri, ina yi ina ba Malam Ummaru haƙuri a zuci. Bayan sati biyar aka kawo shi, dogo kamar firji. Kada ku zaci daga nan na zama gwani. Balkisu tana saita shi, ta ba ni zobban in maƙala. Kowane zobe da kibiya a jikinsa, ta ce kibiyar ta kalli wajen injuna, ta ba taransifoma baya. Ni kuwa na yi nawa lissafin: ai da rana daga sola wuta take fitowa ta nufi layi, yarinya ta manta. Na juya su, ban gaya mata ba.

Aka sa kowa ya tayar da inji, wannan karon ba gardama. Ta kunna. Taransifoma ta yi wani gurnani da ya sa dattawa suka miƙe da tabarmi a hannu. Mai raba faɗa ya shiga faɗan, yana taya wanda ya kamata ya riƙe. Cikin ƙiftawar ido ta kashe. Ta bi wayoyi da kallo, ta tsaya a kan zobba, ta dube ni. Ta so ta rufa mini asiri, ta fara cewa wataƙila saiti ne. Na ce a'a, ni ne, ni na juya su don na ga na fi ta shekaru. Mai gari ya shafa aljihunsa ya ce, “Garba, rijiya hwa ba ta da nisa.”

Aka katse wuta, na juya zobba yadda aka ce. Aka mayar, injuna suka tashi, ta sake kunnawa. Haƙoran zarton nan na allo suka kwanta a hankali har igiya ta koma sumul, alhali Sani na casa, Ɗanjuma na walda, ruwa na zuba a kwamin shanu. Na matsa kusa da tanki, na laluba aljihu, babu komai. Sai na ji an taɓa kafaɗata. Mai gari ne, da sukudirebar a hannu. Bai ba ni ba. Ya ce in nuna masa yadda ake yi. Na ɗora bakinta a jikin tanki, ya ture rawani ya manna ƙotar a kunne, ya rufe ido kamar Malam Ummaru.

“Mi ya kamata in ji?”

“Guɗa guda, ranka shi daɗe, mai kauri.”

Ya daɗe yana saurare. Sannan ya miƙo mini ita ta wajen ƙota, ya ce, “Riƙe abinka. Nauyi gare ta, ta huda min aljihu.”

Taransifomar tana nan har yau, shanu na shan ruwa, albasa na fita. Sunan dai bai bar ni ba, har na gaji na sa an rubuta shi a allon shago. Saboda haka in kun ce kuna son aikin nan, ku sayi mitar kirki, ku koyi tambaya tun kafin furfura ta hana ku, kuma kada ku taɓa auna wutar gari alhali garin yana gaishe ku.

Wata uku-uku nakan koma can in share ƙurar akwatin, in saurari tanki. Wani lokaci na tafi da wani abokina daga Danchadi. Muka ratsa kasuwa, Sani ya hango ni ya ƙara wa injinsa shinkafa, Ɗanjuma ya sauke tabarau ya ci gaba da walda, ba wanda ya taso. Abokina ya ɓata rai, ya ce ashe har yanzu mutanen nan ba su yafe mini ba, ko gaisuwa babu. Na ce masa ya yi shiru ya saurara, ai gaisuwar ke nan yake ji.